Ana Wata Ga Wata: Ina Muka Baro Labarin Jiya?

Bari mu fara da wata 'yar jarrabawa, mai karatu, kuma ba sai ka duba wayarka ba. Wane lamari ne ya fi tayar maka da hankali wata uku da suka wuce? Wanda ka yi ta tura wa abokai, ka rantse cewa wannan karon ba za a yi shiru ba, har ka yi sa-in-sa da wani a majalisa a kansa. Ka tuna shi? To, ina aka kwana? An kama wani? An biya diyya? Kwamitin da aka kafa ya miƙa rahoto? In ka amsa tambayar farko ka kasa amsa sauran, kada ka ji kunya kai kaɗai. Mu ma da muke rubuta wannan fili mun gwada a tsakaninmu, kuma ba mu ci ba.

Ba wai zafin abin ya bar zukatanmu don an magance shi ba ne. Wani labarin ne ya zo ya zauna a kansa, wani kuma ya zo ya zauna a kan wancan. Hausawa na cewa amarya ko ta buzuzu ce ɗokinta ake, to labari ma haka yake: sabo shi ke da turaka, na jiya kuma a kai shi ɗakin baya, ko da kuwa shi ne ke ɗauke da rayukan mutane. Abin da muke so mu tattauna da kai yau ke nan, domin wannan ɗabi'a tana da farashi, kuma ba mu ne muke biyansa ba. Waɗanda abin ya shafa su ke biya.

Mu koma shekarar 2021, don a nan abin ya fi fitowa fili. Tun a Disambar 2020 aka kwashi ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, aka sako su cikin mako guda. Ranar 17 ga Fabrairun 2021 sai ga Kagara a Jihar Neja. Ba a gama da wannan ba, ranar 26 ga watan aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a Zamfara, aka tafi da 279. A Maris aka sace ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka da ke Kaduna. A Afrilu sai jami'ar Greenfield, inda aka kashe biyar daga cikin ɗaliban. Ƙarshen Mayu aka kwashi ƙananan yara sama da 130 a wata Islamiyya a Tegina. Ranar 17 ga Yuni aka faɗa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Jihar Kebbi. Mako uku bai cika ba, ranar 5 ga Yuli, aka ɗauke ɗalibai sama da 120 a makarantar Bethel Baptist da ke Kaduna. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, ana jinyar karaya sai ga wata.

Yanzu tsaya a kan Yauri. An yi ta sako ɗaliban rukuni-rukuni, kuma duk lokacin da aka sako wasu sai a ɗauki hotuna, a yi hamdala, kowa ya ɗauka an gama. Amma 'yan mata 11 sun rage a daji. Shekarar 2021 ta ƙare, 2022 ta shigo ta fita, suna can. Da iyayensu suka ga shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai a farkon 2023 suka fito suna roƙon jama'a a taimaka musu su haɗa naira miliyan 100 ta fansa. Ka tuna abin da muke ciki a lokacin? Canjin kuɗi ne da layin banki da rigimar masu POS, ga zaɓen 25 ga Fabrairu ya ƙarato, kowa na kare gwaninsa. Muryar iyayen nan ta shigo kasuwar da kowa ke ihun hajarsa. Sai a Afrilu da Mayun 2023 'yan matan suka dawo, kusan shekara biyu bayan sace su, wasu da goyo a bayansu.

Ba mu ce da mun ci gaba da magana da an sako su washegari ba. Amma tambayi kanka: gwamnan da ya san kullum ta Allah sai an tambaye shi labarin yara 11, da wanda ya san an daina tambaya tun bara, ɗaya suke wajen rashin barci?

Me ya sa abin ke faruwa haka? Wani ɓangaren halittar ɗan Adam ce. Hankali ɗaya ne, kuma yana da iyaka. Kana fama da kuɗin makaranta, kuɗin mota, kuɗin data, ga neman aiki, ba za ka iya riƙe masifu ashirin a ranka lokaci guda ba. Wani ɓangaren kuma yadda aka tsara abin da ke hannunka ne. Wayar nan an gina ta ne a kan ta nuna maka abin da ke tashe yanzu-yanzu, abin da mutane ke rububi a kansa a wannan sa'ar. Abin da aka daina taɓawa sai ya yi ta nutsewa ƙasa, kuma da zarar ya nutse ba mai ganinsa balle ya taɓa shi, sai ya ƙara nutsewa. Ba wanda ya goge shi. Yana nan, an dai tara kaya a kansa.

Akwai kuma dalili na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi. Ranar farko ta kowace masifa tana da hoto: hayaƙi, kuka, gawawwaki a jere, uwa ta ɗora hannu a ka. Amma rana ta casa'in ba ta da hoto. Abin da ke faruwa a rana ta casa'in shi ne an ɗage shari'a zuwa wani watan, ko kwamiti ya nemi ƙarin lokaci, ko an saka kuɗin gyara a kasafi amma ba a sake shi ba. Wa zai tura wa abokinsa wannan? Ba ya sa kuka, ba ya sa dariya. Ga shi kuwa a nan ne ake yin adalci ko a binne shi. Mu muna zuwa ranar jana'iza, ranar rabon gado kuma ba a ganinmu.

Ɗauki Tudun Biri. Daren 3 ga Disambar 2023 jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya saki bam a kan masu taron Mauludi a wannan ƙauye na Ƙaramar Hukumar Igabi. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, wasu ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce adadin ya haura 100. Arewa ta ɗauki zafi, kuma ya cancanta. Shugaban ƙasa ya ba da umarnin bincike, manya suka yi ta zarya asibiti, aka yi alƙawarin sake gina garin. Mako uku bayan haka, a jajibirin Kirsimeti, aka kai hare-haren Bokkos da Barkin Ladi a Filato, aka kashe mutane sama da 100. Makon farko na Janairun 2024 hankali ya koma kan badaƙalar kuɗi a ma'aikatar jin ƙai, har aka dakatar da minista. Daga nan sai gasar cin kofin Afirka, muka bi Super Eagles har wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu. Ranar 7 ga Maris kuma sai ga Kuriga.

To, a watan Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta sanar da cewa an kammala bincike kan Tudun Biri, kuma jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. A Yulin shekarar mataimakin shugaban ƙasa ya je garin ya ƙaddamar da aikin gina gidaje. Cikin dubban da suka yi ta kururuwa a Disamba, mutum nawa ne suka ji waɗannan biyun? Nawa suka bi sawu su ga yadda shari'ar ta kaya? Ka lura da wani abu a nan, domin ba kasafai ake faɗinsa ba: mantuwarmu ba mai laifi kaɗai take rufa wa asiri ba, har mai cika alƙawari take zalunta. Jami'in da ya yi abin da ya ce zai yi, ya waiga bai ga kowa ba. Wanda ya cinye kuɗin ma ya waiga bai ga kowa ba. In sakamakon ɗaya ne, wane darasi kake jin na bayansu za su ɗauka? Kuma shekara ɗaya da 'yan makonni bayan Tudun Biri, ranar Kirsimetin 2024, wani harin sama ya sake faɗawa kan mutanen ƙauye a Ƙaramar Hukumar Silame ta Jihar Sakkwato.

Sau da yawa za ka ji matasa na cewa ai da gangan ake ƙirƙiro sabon labari don a kawar mana da hankali. Wataƙila wani lokaci haka ne. Amma gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce galibi ba sa buƙatar wahalar da kansu. Duk wanda ya daɗe a ofis a ƙasar nan ya san lissafin: a fitar da sanarwar jaje, a kai ziyara da 'yan jarida, a kafa kwamiti a ba shi mako shida. Kafin mako shida ya cika, Nijeriya da kanta za ta kawo wani abin. In ba masifa ba, to rigimar sarauta, ko auren wata jaruma, ko wani ya zagi wani a TikTok, ko malamai biyu sun yi musayar raddi. Haƙuri kawai ake buƙata, kuma sun fi mu shi.

Illar wannan ba ta tsaya ga wanda aka zalunta jiya ba, tana jiran na gobe. Daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, Ƙaramar Hukumar Taura a Jigawa, mutane suka taru kwasar fetur, ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Aka yi jimami, aka yi ta wa'azi kan haɗarin kwasar mai. Wata uku kacal bayan haka, ranar 18 ga Janairun 2025, kusan irin abin ya maimaita kansa a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja, aka rasa sama da mutum 80. A tsakanin ranakun nan biyu, sau nawa ka ji ana maganar lafiyar tankoki, ko halin da hanyoyin suke ciki, ko wa ke da alhakin killace wuri idan tanka ta faɗi? Haka madatsar ruwa ta Alau: ta yi ambaliya ta shanye Maiduguri a 1994, ta sake ɓallewa a Satumbar 2024. Shekara 30 a tsakani. Yawancin masu karanta wannan fili ba a haife su ba lokacin ta farko, ta biyun kuma tuni ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025 ta hau kanta.

Wanzami ba ya son jarfa, amma dole mu faɗa: mu 'yan jarida muna cikin masu laifi, kuma a sahun gaba. Kalmar aikinmu ma "sabon labari" ce. Edita ya san abin da ake karantawa, ya san labarin da aka bi sawunsa bayan wata shida ba ya kawo masu karatu kamar na yau da safe, kuma aika wakili ƙauye kuɗi ne. Sai a bar shi sai ranar cika shekara, a ɗauko tsohon hoto, a rubuta sakin layi huɗu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da kuke buɗewa shi ake ƙara kawo muku. Ranar da aka wallafa rahoton bin sawu ka wuce shi ka danna labarin saki da yaji, ka kaɗa ƙuri'a ke nan ba ka sani ba.

Kada ka ɗauka sai manyan labaran ƙasa. Duba unguwarku. An yi shelar neman taimako ga wani mai ciwon ƙoda, kowa ya tausaya, aka tara abin da aka tara a mako guda. Amma wankin ƙoda ba sau ɗaya ake yi ba, sau biyu ko uku ne duk mako, wata da watanni. A mako na uku sai ga hoton wata yarinya mai buƙatar tiyata, tausayin ya koma can, kuma ita ma ta cancanta. Na farkon fa? Yana nan a gida, 'yan'uwansa na jin nauyin sake fitowa roƙo, don kada a ce sun cika naci. 'Yar'uwa mai karatu, ke ma kin san irin wannan a ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai: an faro maganar gyaran rufin aji da zafi, sai bikin wata ya taso, aka koma maganar anko, rufin na nan yana yoyo.

Za ka iya cewa, to ya kuke so mu yi? Mu ƙi kula sabuwar masifa don ba a gama da tsohuwa ba? A'a. Mutanen Kuriga ba su yi laifi ba don abinsu ya zo bayan Tudun Biri. Kuma mun yarda mantuwa wani lokaci rahama ce. Wanda ya ce zai ɗauki kowane baƙin cikin ƙasar nan a ransa, asibiti zai ƙare. Matsalar ita ce dukkanmu muna tashi tare mu koma wuri guda, kamar 'yan ƙwallon unguwa da kowa ke bin ƙwallo ba mai tsaron gida. Da a ce cikin kowane dubu da suka yi magana ranar farko, biyar sun tsaya a kan lamarin har shekara, da lissafin masu jiran mu manta ya rushe.

Kuma an taɓa yi, a nan Arewa, matasa ne ma suka yi. A 2010 aka gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Zamfara inda ake haƙar zinare, kimanin yara 400 suka mutu. Aka tsaftace wasu ƙauyuka, aka bar Bagega a Ƙaramar Hukumar Anka, wadda ta fi su girma. Likitocin ƙungiyar MSF suka ce ba amfanin ba yara magani su koma cikin ƙasa mai guba, sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar tukuna. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin kimanin naira miliyan 850, sannan shiru. Labarin ya riga ya tsufa, ga rikicin Boko Haram ya cika kafafen yaɗa labarai. Wasu 'yan matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauki wannan magana guda ɗaya suka riƙe: suka je garin, suka bi takardu, suka matsa wa 'yan majalisa da fadar shugaban ƙasa lamba, tare da wasu ƙungiyoyi. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka fara kwashe ƙasar, yara suka fara karɓar magani. Daga wannan yunƙuri ne shirin Follow The Money ya samo asali. Ba su fi ka ilimi ko wayar hannu ba. Sun dai ƙi sauya magana.

Haka masu fafutukar 'yan matan Chibok. An sace 276 daren 14 ga Afrilun 2014, duniya ta ɗauka har matar shugaban Amurka ta riƙe kwali, sannan duniya ta wuce. Amma wasu tsirarun mutane suka ci gaba da zama a Unity Fountain da ke Abuja kullum, shekara da shekaru, ana yi musu dariya, wani lokacin 'yan sanda su kore su. An sako 21 a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017. Ba za a ce zamansu kaɗai ya kawo hakan ba, amma su ne suka hana maganar mutuwa har ta zama abin da kowace gwamnati dole ta amsa. Ko da aka cika shekara goma a 2024, sama da 80 ba su dawo ba, kuma in ka san wannan adadi, to don akwai masu ƙirgawa ne.

Abin da muke roƙonka ƙarami ne, amma yana da cin rai. Zaɓi lamari ɗaya, wanda ya fi kusa da kai: asibitin garinku da aka aza harsashinsa aka watsar, ko shari'ar wani da aka kashe a unguwarku, ko tallafin ambaliyar da aka ce an ware wa ƙaramar hukumarku. Rubuta ranar da aka yi alƙawarin, da sunan wanda ya yi, da wa'adin da ya ɗiba. Ajiye takardar ko hoton sanarwar, don irin waɗannan kan ɓace. Idan wa'adin ya cika, ka tambaya, cikin ladabi, da hujja a hannu. In shari'a ce, ka san ranar da aka ɗage zuwa, ka je kotun in da hali. Zaman kotu a buɗe yake, kuma alƙali da mai gabatar da ƙara suna lura idan benci ya cika. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ba sai kana lauya ba, ba sai ka faɗi dalilinka ba. Sau da yawa za su yi biris da kai, wannan gaskiya ne, amma takardar da aka buga wa hatimin karɓa aka ƙi amsawa ita ma hujja ce, kuma irinta ɗan jarida ke nema.

Mu ma ba za mu tsaya a wa'azi ba. Daga wannan wata, fitowar ƙarshe ta kowane wata a wannan fili ta tsohon labari ce, ko me ake yayi a ranar. Za mu fara da tsaron makarantu. Bayan Chibok, a Mayun 2014, aka ƙaddamar da shirin kare makarantu. A Disambar 2022 gwamnatin tarayya ta fitar da wani tsari na kashe sama da naira biliyan 144 a kan haka daga 2023 zuwa 2026. In makarantar kwana ta garinku ta samu katanga, ko mai gadi, ko fitila, ko an rufe ta an mayar da yaran gida, muna so mu ji daga gare ka: sunan makarantar, ƙaramar hukumar, abin da ka gani da idonka da ranar da ka gan shi. Wanda zai iya zuwa ya tambayi shugaban makarantar ko wani abu ya iso gare su daga wannan kuɗi, ya fi mana wanda zai turo mana ra'ayi.